Mayen da Ke Fita da Rana

A shekarar 1954 wani marubuci Ba'amurke, Richard Matheson, ya fitar da ɗan ƙaramin littafi mai suna I Am Legend. Ƙagaggen labarin kimiyya ne a kan annobar da ta share duniya, ta mayar da mutane masu shan jini. Kusan shekara 70 bayan fitowarsa na kai shi filin adabin da nake gabatarwa kowane mako a wani gidan rediyo a nan Landan. Na kasa shi kashi huɗu, ina ba da labarin da Hausa, masu sauraro kuma suna aiko da saƙon murya ta WhatsApp. Na sha kawo littattafai a filin, amma ban taɓa ganin wanda ya haddasa musu irin wannan ba.

Matsalar farko ta kalma ce. Abin da Turawa ke kira vampire gawa ce da ke tashi da dare ta tsotse jinin masu rai, tana gudun hasken rana da warin tafarnuwa. Mu kuwa maye muka sani, shi kuma rayayye ne, yana iya zama maƙwabcinka, kuma kurwa aka ce yana kamawa. Na zaɓi in riƙa cewa "masu shan jini". Masu sauraro ba su bi ni ba, tun daga saƙon farko "mayu" suke cewa.

Ga labarin a taƙaice. Robert Neville shi kaɗai ya rage da lafiyarsa a birnin Los Angeles, daga 1976 zuwa 1979. Annobar ta ɗauke 'yarsa da matarsa, matar ta dawo daga kabari ta ƙwanƙwasa masa ƙofa, sai da ya sake binne ta. Da dare yakan kulle kansa a gidan da ya zagaye da tafarnuwa, mayun suna kewaye shi, tsohon maƙwabcinsa Ben Cortman yana kiransa ya fito. Da rana kuwa, lokacin da suke kwance kamar matattu, sai ya bi su gida-gida yana kafa musu turke a ƙirji. Yana zuwa ɗakin karatu, ya samo madubin likita, har ya gano cewa ƙwayar cuta ce ke haddasa abin.

Makonni uku na farko kowa na bayan Neville. Wani matashi daga Zariya ya ce da shi ne, fetur zai nema ya ƙone unguwar baki ɗaya. Wata uwa daga Katsina ta ce ta yi hawaye ranar da karen da Neville ya daɗe yana lallashi ya mutu a hannunsa. Akwai kuma waɗanda suka ce shirme ne, me ya haɗa Bahaushe da tatsuniyar Nasara? Su na tuna musu cewa tun 1969 Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya, kuma an karanta shi a makarantunmu ba wanda ya ce baƙon abu ne.

A mako na huɗu aka zo ƙarshe. Neville ya haɗu da wata mace, Ruth, wadda ya zaci lafiyayya ce. Ashe tana ɗauke da cutar, ita da wasu da yawa da ba su mutu ba, sun haɗa maganin da ke danne ta, suna ƙoƙarin sake gina al'umma. Cikin waɗanda Neville ya kafa wa turke suna barci har da mijinta. Da suka kama shi, ya leƙa ta taga ya ga taronsu, ya ga tsoro a fuskokinsu. Nan ya gane cewa a wurinsu shi ne dodon da ke zuwa lokacin da mutane ke barci, ya kashe ya tafi ba a gan shi ba.

Wayar filin ta cika. Mafi yawan saƙonnin na fushi ne. Wani malamin makaranta daga Kano ya ce marubucin ya ci amanar mai karatu: ka sa mutum ya ƙaunaci gwarzo mako uku, sannan ka ce masa makashi yake wa tafi? Ban yi mamaki ba, domin ba a kansa farau ba. Fim ɗin da aka yi daga littafin a 2007, wanda Will Smith ya fito a ciki, an ɗauki ƙarshe mai kama da na Matheson, amma 'yan kallon gwaji suka ƙi shi. Aka sauya, jarumin ya mutu yana ceton 'yan'adam. Mutum ba ya son a nuna masa cewa ɓangaren da ya tsaya yana iya zama na azzalumi.

Saƙon da ya sha bamban daga Libreville ya zo, babban birnin Gabon. Wani dattijo ne mai sayar da atamfa a kasuwar Mont-Bouët, ya fi shekara 30 a can. Da "'yata" ya fara, ya ce shi tun makon farko tambaya ɗaya ke damunsa: waɗannan da ake bi ana kashewa suna barci, wa ya tabbatar da laifinsu? Ya bayyana mini cewa a Faransancin da ake yi a Gabon kalmar vampire ba ta fim ba ce, kalmar yau da kullum ce ta maita. Ana cewa wane yana da ita a cikinsa, yana fita da dare ya ci mutane, abin da ƙabilar Fang ke kira evu. Da na ji haka sai na tuna ƙanƙarar maita da ake cewa tana cikin cikin maye a wajenmu.

Na kira shi don in ji ƙarin bayani. Ya tuna mini da Janairun 2020, lokacin da jita-jitar satar yara ta bazu a Libreville ta wayoyin hannu. Matasa suka datse hanyoyi suna binciken motoci, aka yi wa mutanen da ba a tabbatar da laifinsu ba dukan kawo wuƙa, har aka rasa rayuka. Ya ce shi da yaran shagonsa a gida suka wuni, domin a irin wannan rana baƙo ne farkon abin zargi, duk daɗewarsa a gari. Na ce, "Baba, kenan kai a ɓangaren mayun ka saurari labarin?" Ya yi dariya, ya ce ai wanda ya taɓa kwana yana sauraron takun mutane a bakin ƙofarsa ya san ɗakin da yake ciki a wannan labari.

Bayan na sa muryarsa a filin, sai wasu saƙonni suka fara zuwa daga mutanen da a da suka yi shiru. Wata mata daga Maraɗi ta roƙi kada a sa muryarta. Ta ce an taɓa jan kakarta gaban jama'a aka tilasta mata tsallake wani yaro mai zazzaɓi, wai don ta saki kurwarsa. Yaron ya warke bayan an kai shi asibiti, amma sunan bai bar gidansu ba. Da yake ana cewa a nono ake shan maita, an fasa auren yayarta sau biyu. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san irin waɗanda wannan zargi ke faɗawa kansu: tsohuwar da mijinta ya rasu, matalauciya, marar 'ya'ya maza da za su tsaya mata. Ban taɓa jin an sa matar mai kuɗin unguwa ta tsallake kowa ba.

Wani mai sauraro da ke zaune a nan Ingila ya ce duk wannan jahilcin Afirka ne, ilimi zai kawar da shi. Na amsa masa da abin da ya faru a garin da muke. A daren Juma'a 13 ga Maris 1970, bayan jaridu da talabijin sun yayata cewa akwai mai shan jini a maƙabartar Highgate da ke arewacin Landan, inda aka binne Karl Marx, jama'a suka yi dafifi suna haura katanga don farautarsa, 'yan sanda suka kasa tare su. Sannan shi kansa Neville ai mai bincike ne. Ya ga ƙwayar cutar da idonsa, ya san cewa wasu daga cikin waɗanda yake samu a kwance suna numfashi. Saninsa bai hana shi ɗaukar turke ba, sai ma ya koya masa hanyar kisa mafi sauri. Ya riga ya yanke cewa su ba mutane ba ne, don haka bai ga dalilin tambaya ba.

Wannan ne ya sa nake ganin malamin Kano da dattijon Libreville littafi ɗaya suka fahimta, kowa daga inda rayuwa ta ajiye shi. Zafin da malamin ya ji shi ne aikin da aka rubuta littafin ya yi. Neville ba mugu ba ne. Mutum ne da ya rasa iyalinsa, tsoro ya cika shi, kuma yana da hujja a kan kowane turke da ya kafa. Haka uban da ɗansa ke fizge-fizge cikin zazzaɓi yana kiran sunan wata tsohuwa yake da hujja a wurin kansa. Ana iya tausaya masa, a kuma riƙe hannunsa kafin ya isa ƙofar tsohuwar.

Matar Maraɗi ta sake aiko da saƙo bayan mako biyu. Ta ce kakar tata ta rasu tuni, kuma mutanen da suka raka ta makwancinta ba su cika sahu biyu ba. Ta tambaya ko zan iya turo mata kashi na huɗu na shirin, tana so ta kunna wa yayarta. Na tura mata a daren.