Ruwan da ake turawa ƙarƙashin ƙasa

Mu nan Dakoro aikinmu da rijiya jawo ruwa ne, kuma kowa ya san tsawon igiyar da ake sha a arewacin Tarka. To akwai inda ake gina rijiya don a tura ruwa ƙasa, har ƙasar ta motsa.

A jahar Oklahoma ta Amurka ne. Man fetur ba ya fitowa shi kaɗai, yana zuwa da ruwan gishiri mai dauɗa, sau da yawa ma ruwan ya fi man yawa. Ba ya shayuwa, ba ya ban ruwa. Sai kamfanoni suka riƙa danna shi da inji cikin rijiyoyi masu zurfin fiye da kilomita ɗaya. Can ƙasa akwai tsofaffin tsagu cikin dutse, nauyi ya danne su shekaru aru-aru. Da ƙarfin ruwan ya kai gare su sai riƙon ya saki, dutse ya zame.

Kafin 2009 girgizar da ta kai maki 3 ba ta wuce ɗaya ko biyu a shekara can. A 2015 an ƙirga kusan 900. Ran 3 ga Satumba 2016 ta kai maki 5.8 a garin Pawnee, hukuma ta sa aka rufe rijiyoyi. Da aka rage tura ruwan, girgizar ta ragu.

Wani dattijo ya kira ni a rediyo yana tambaya ko foraj ɗin garinsu zai jawo haka. Na ce Baba ka sha ruwanka, wanga zance na ruwan masana'anta ne da ake turawa da ƙarfi. Amma tsoronsa ba banza ba ne: a 2018 da ƙasa ta girgiza a Mpape kusa da Abuja, har ginar burtsatse aka dakatar.

Ni hankalina yana Agadem. Tun 2011 ake tace man can a SORAZ ta Damagaram, yanzu ga bututu har bakin teku a Benin. In man ya ƙaru, ruwansa ma ƙaruwa yake. Mun iya jayayya kan farashin lita, amma ina son ranar da ɗan jarida zai tsaya gaban ministan man fetur ya tambaye shi ina wanga ruwa ke zuwa, zurfin mita nawa, kuma wa ke auna motsin ƙasa a wurin.