Wa'azin da ya ci gonar Baba

Idan dogon hutu ya zo, ƙungiyoyin ɗalibai Kiristoci a manyan makarantunmu na arewa sukan tura 'yan'uwa aikin bishara. Wasu ƙauyukan kusa ake kai su, wasu kuma a tsallaka da su iyaka zuwa Nijar ko Chadi ko Kamaru. A tara baiko, a sayi magunguna da littattafai, a yi azumi da addu'a, a ɗora wa matafiya hannu. In sun dawo a ba su dama su tsaya gaban ikilisiya su ba da shaida. Ba na ƙin wannan al'ada, ita ta raine ni. Sai dai duk shaidar da ake ji daga bakin waɗanda suka je take fitowa. Ba a aikawa wurin masu masauki a tambaye su yadda suka kwana bayan tafiyar baƙi. Ni na san amsar a wuri guda, domin ni na jawo abin da ya faru.

A daminar 2011 ne, ina karatu a Zariya, aka tura mu arewacin Kamaru. Ta Yola muka bi muka shiga Garwa, birnin da ke bakin kogin Binuwai, mahaifar Ahmadu Ahijo shugaban ƙasar na farko. A nan muka canji naira zuwa sefa, muka fara cin karo da jandarma masu tambaya da Faransanci, muka ci dogon burodin nan mai ɓawo da shayi. Daga Garwa zuwa Marwa tafiyar kimanin kilomita 200 ce, daga Marwa kuma kamar 25 ne zuwa Mindif. Tun daga nesa za ka hango dutsen garin, shi kaɗai a tsaye tsakiyar fili, wanda Faransawa suka sa wa suna Haƙorin Mindif. Garin na da lamiɗonsa, masarautar Fulani ce da a da take ƙarƙashin Yola, yanzu kuma a yankin Mayo-Kani take, wanda hedikwatarsa ke Kayele.

Ba cikin gari aka sauke mu ba. Wani ƙauye ne a gefe, gidan wani dattijo mai bishara da kowa ke kira Baba. Mutumin Mundang ne daga wajen Kayele, ya iya Hausa don ya yi ƙwadago a Mubi yana saurayi. Majami'arsa ta ƙasa ce, rufin kwano, kujerun ma na ƙasa. Da Fulatanci ake sujada, saboda masu zuwa Giziga ne da Mundang da Tupuri, kuma Fulatancin shi ne harshen da ya haɗa kowa, a kasuwa da bakin rijiya. Da safe kunu, da dare tuwon jar dawa da miyar tafasa ko ta yakuwa. Gaisuwa kuwa ba a yi mata gaggawa: a tambayi gida, a tambayi yara, a tambayi gajiya, a tambayi gona, kowace tambaya da amsarta. Watan Agusta ne, rumbuna sun kusa komawa fanko, amma Mama, matar Baba, ba ta taɓa bari mu ga ƙasan kwano ba.

Na tafi da tunanin cewa za mu kai bishara inda ba ta taɓa zuwa ba, haka kuma na faɗa wa mutane lokacin tara baiko. Jahilci ne. 'Yan mishan na Lutheran daga Amurka sun fara aiki a wajen Yagwa da Lere tun shekarun 1920, kuma ikilisiyar da suka dasa tana da makarantar horar da fastoci a Kayele. Fadan Katolika sun iso arewacin Kamaru a 1946. A 1959 Simon Mpeke, wani fada ɗan kudancin ƙasar, ya koma Tokombere a gindin duwatsun Mandara, ya zauna da mutanen wurin yana yawo ba takalmi, har suka sa masa suna Baba Simon. A 1975 ya rasu. Tun ba a haifi mahaifina ba ake sujada a wannan ƙasa. A zamanin Ahijo Kiristocin arewa sun sha matsi, sun kuma koyi yadda ake zama. Ban nemi sanin ko ɗaya daga cikin wannan ba kafin in hau mota.

Maƙwabcin Baba wani malami ne Bafulatani mai makarantar allo. Tun ranar da muka sauka, kullum da safe sai ga yarinya da ƙwaryar kindirmo, wai Malam ya ce a ba baƙi. Baba ya ce mu je mu gaida jauro mai garin, mu biya mu gaida Malam. Wurin jauro mun je a tsaitsaye. Wurin Malam kuwa na ce sai mun sami sarari, kuma ba mu samu ba, don ni nake tsara jadawalin, kuma a ganina gaishe-gaishe ɓata lokaci ne ga wanda ya zo aikin Ubangiji.

Akwai abin da ya haɗa Baba da Malam wanda ya fi kindirmo nauyi. A filayen Marwa da Mindif akwai baƙar ƙasa mai laka da Fulani ke kira karal, irin wadda ake noman masakwa a kanta a Borno. Da damina takan sha ruwa ta riƙe. A watan Agusta ake yafa irin, a raine shi a gefe, sai ruwa ya ɗauke wajen Satumba zuwa Oktoba a sare ciyawa, a huda ƙasa da doguwar sanda mai tsini, a zuba ɗan ruwa a ramin, a dasa. Daga nan ba sauran ban-ruwa. Danshin da lakar ta ɓoye shi ke ciyar da dawar har a girbe ta a Janairu ko Fabrairu. Gidan da ke da masakwa girbi biyu yake yi a shekara, wanda ba shi da ita kuma tun kafin damina yake fara auna hatsi a kasuwa. Yawancin wannan ƙasa a hannun tsofaffin gidajen Fulani take da ikon lawanai da jauro-jauro. Baƙin manoma aro suke yi ko haya, shekara-shekara, sau da yawa ba takarda, magana ce kawai da mutunci. Karal ɗin da Baba ke nomawa na Malam ne. Na ga wurin da Baba ke rainon irinsa a bayan gida, har na taya shi cire ciyawa, ban tambaye shi inda zai dasa ba.

Mun zo da janareta da lasifika, muka shirya wa'azin fili a daren da zai zama na ƙarshe. Da la'asar Baba ya kira ni gefe. Ya ce, "Ɗana, a yi shi a harabar majami'a, lasifika ta kalli masu zama, a tashi kafin kiran isha'i. Ka faɗi naka, ka bar musu nasu." Na ce, "To, Baba." A raina kuwa na riga na yanke masa hukunci: tsoho ne da zama cikin Musulmi ya sa wa tsoro, Allah ya turo mu mu nuna masa ƙarfin hali.

Da duhu ya yi na sa aka ɗaure lasifikar a reshen darbejiya, bakinta na kallon cikin ƙauye. Na fara da labarin Yesu, mutane suka taru, har da yaran makarantar allo a tsaye daga nesa. Ganin taron ya hau mini kai. Aka kira salla ban dakata ba. Daga nan na bar nawa na shiga nasu, na faɗi maganganu a kan addininsu waɗanda ba zan maimaita a nan ba, ba don gudun fitina kaɗai ba, don ina jin kunyarsu. Saurayin da ke yi mini tafinta ya riƙa taƙaitawa, in yi dogon bayani shi ya faɗi kalma uku. Bai hana komai ba. Hausata ce ke fita ta lasifika, Malam kuma ya yi almajiranci a Najeriya, yana ji sarai. Na hango Baba a bakin ƙofar majami'a, ya sunkuyar da kai, hularsa a hannu.

Ba wanda ya jefe mu, ba wanda ya zage mu. Da safe dai yarinyar ba ta zo ba. Baba ya raka mu bakin hanya, ya sa mana albarka, Mama ta ƙulla mana gyaɗa a leda.

Da muka koma Zariya na ba da shaida. Na ce mun yi shelar bishara ba tsoro a tsakiyar garin da ba a taɓa yi ba. Har rashin zuwan kindirmon nan na kawo a matsayin tsanani saboda sunan Almasihu. Aka yi ta tafi, wasu na kuka.

Sai bayan Kirsimeti saurayin nan mai tafinta ya kira ni a waya. Muka gaisa, na tambaye shi Baba, na ce ina fata masakwa ta yi kyau. Ya yi shiru, sannan ya ce Baba bai dasa ba bana. Da lokacin share karal ya yi, Malam ya aiko cewa ɗansa na bukatar gonar. Ba faɗa, ba baƙar magana. Irin da Baba ya raina sai ya raba wa mutane. Wasu magidanta biyu na ikilisiya ma, masu gonakin da suke aro sun janye. Na ce me ya sa Baba bai gaya mini ba? Ya ce Baba ya hana, ya ce yaro ne, kuma baƙo ne.

Ban iya barci ba. Da na je gida na kwashe labarin duka na gaya wa mahaifina. Mu Hausawa ne Kiristoci daga kudancin Katsina, wajen Malumfashi. Ƙanin mahaifina Musulmi ne. Shanun huɗar da muke aro na maƙwabcinmu ne, liman. Ranar salla suna aiko mana da nama, ranar Kirsimeti mu aika musu da shinkafa. Mahaifina ya saurare ni har na gama, sai ya ce, "Da a ƙofar gidan Liman ne a nan, za ka ɗaura wannan lasifikar?" Na ce a'a. Ya ce, "Don me?" Ban amsa ba, shi ma bai ƙara ba.

Amsar kuwa na san ta. A gida ba zan yi ba saboda gonarmu na nan, uwata na ɗiban ruwa a rijiya ɗaya da matan Liman, kuma gobe da safe dole in haɗa ido da shi. Na san ladabin zama da Musulmi tun ina goye. Ba rashin sani ya kai ni ba a Mindif. Abin da na kira ƙarfin hali tikitin komawa ne da ke aljihuna. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, ni kuwa na yi jarumtata da rumbun wani, rana na fitowa na bushe.

Wasu 'yan'uwa da na gaya wa sun ce kada in zargi kaina, ai gaskiya na faɗa, tsanani kuma gadon masu bi ne. Ban yarda ba, har yau ban yarda ba. Wahalar da mutum ya zaɓa wa kansa saboda bangaskiyarsa daban, wadda ya ɗora wa wani ya gudu daban. Kuma abin da na faɗa a daren nan ba bishara ba ce, cin mutuncin mutumin da ya ciyar da ni ne. Ba na kuma ganin laifin Malam. An zage shi a ƙofar gidansa, da bakin baƙon maƙwabcinsa, a lokacin sallarsa, bai ɗaga murya ba. Mai ƙarfin halin gaske shi ne Baba, wanda ya yi shekaru yana sujada a fili a ƙauyen nan, kowa ya san abin da ya gaskata, Musulmi na kiran sa ya yi wa marasa lafiyarsu sannu, yana zuwa zaman makokinsu suna zuwa nasa.

Shekarun da suka biyo baya sun ƙara nuna mini wane ne ke zama, wane ne ke tafiya. A Fabrairun 2013 'yan Boko Haram suka sace wasu Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya kusa da gandun dajin Waza. A Afrilun 2014 aka ɗauke fada biyu 'yan Italiya da wata sista 'yar Kanada a Cere, arewa da Marwa. A Yulin 2015 bama-bamai suka tashi a cikin Marwa kanta. Baƙi suka janye, tafiyar ɗalibai zuwa yankin ta tsaya. Baba da Malam suna nan katanga ɗaya, tsoro ɗaya, kasuwa ɗaya. Na sha tunanin yadda zai kasance da wutar da na kunna ta tarar da waɗannan shekaru ba a kashe ta ba.

Baba ne ya kashe ta, ba ni ba. Na harhaɗa kuɗi na aika masa, ya karɓa ya yi godiya, amma a waya ya ce, "Ɗana, hatsi ana saye. Wanda ka ɓata wa ba ni ba ne." Sai na zauna na rubuta wa Malam takarda da Hausa. Ban kawo uzuri ba. Na ce na sha nononsa ban zo na gaishe shi ba, na yi magana a kan sallarsa, na faɗi abin da bai kamata ba, Baba ya hana ni na ƙi ji, ina roƙon gafara. Baba ya kai da hannunsa, ya karanta masa. Kafin wannan ma bai fasa zuwa gaida Malam kowace safiya ba, ko a watannin da amsar ba ta wuce kalma ɗaya. Malam ya ce a gaya mini ya yafe.

A kakar 2013 aka mayar wa Baba karal, ba tsohuwar gonar ba, wata ce ƙarama kuma mai nisa. Ɗaya daga cikin magidantan nan biyu bai jira ba, ya kwashe iyalinsa ya koma wajen Garwa neman ƙasar noma, kamar yadda mutanen yankin da yawa ke yi. Na nemi lambarsa ban samu ba, shi ban roƙe shi gafara ba har yanzu.