Bitamin D: Kowa da Kiwon da Ya Karɓe Shi

Mu mutanen Kolere akwai halinmu mai kyau: ba ma cin abu mu kaɗai. Sai dai wannan halin ya bi mu har cikin kwalbar magani. Ɗa ya aiko wa mahaifiyarsa bitamin D daga Abuja ko Saudiyya, ta sha ta ji daɗin gwiwa, sai ta ƙirga goma ta aika wa maƙwabciya: "Ungo Yaya, ke ma gwada." Tun zamanin korona a 2020, da aka yi ta yaɗa cewa yana ƙara garkuwar jiki, ƙwayar ta zauna mana kamar goro.

To, goro in ya yi yawa barci kawai zai hana ka. Wannan kuwa ba haka yake ba. Bitamin C da yawancin dangin B, in sun wuce buƙata, fitsari ne ke tafiya da su. Shi D a kitsen jiki yake maƙalewa, yana taruwa wata da watanni. Aikinsa taimaka wa hanji ya tsotsi kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi. In ya yi yawa, kalsiyam ya cika jini, ƙoda ce ke ɗaukar wahalar: tsakuwa, ko ma ta gaza aiki. Bugun zuciya ma yakan rikice.

Abin tsoron shi ne yadda alamun ke ɓad da kama. Ƙishirwa, yawan fitsari, tashin zuciya, taurin ciki, kasala, wani lokaci ruɗewa. A zafin Mubi na Maris da Afrilu, wa zai ji ƙishirwa ya zargi ƙwaya? Sai mu ce rana ce, ko suga ne, ko tsufa. Wata ma saboda kasalar sai ta ƙara shan wata ƙwayar, alhali ita ce ke kayar da ita.

Mu duba lissafi. Abin da baligi ke buƙata a rana kusan IU 600 ne, dattijon da ya haura shekara 70 kuwa 800, jariri 400. Iyakar da masana suka sa wa baligi ita ce 4,000 a rana, sai in likita ne ya ce a wuce. Amma akwai kapso mai 50,000, wanda akan rubuta sau ɗaya a mako na ɗan lokaci. Wanda ya mai da shi na kullum, ya ninka iyakar fiye da sau 12. A 2023 wani dattijo ɗan shekara 89 ya rasu a Ingila bayan ya yi watanni yana shan bitamin D, kuma bincike ya nuna yawansa na cikin abin da ya yi ajalinsa.

Ba muna cewa babu mai buƙata ba ne. Matan da ba sa fita, tsofaffin da ke kwance a ɗaka, da wasu masu juna biyu, sukan rasa shi duk da ranar da Allah Ya hore mana. Amma lanƙwasar ƙafar yaro ba kullum rashin D ba ce. A 1999 likita Tom Thacher da abokan aikinsa sun wallafa binciken da suka yi a Jos: yaran da ƙafafunsu suka lanƙwashe sun fi samun sauƙi da kalsiyam a kan bitamin D shi kaɗai. Wato abincin ne ya gaza, ba rana ba. Ga nono da kindirmo Fulani na kawo mana har ƙofar gida, ga kuka, ga zogale, ga ƙananan kifin da ake ci da ƙashinsu.

Ita rana kuwa ba ta yi wa mutum yawan D, domin fata na tsayar da aikin in ta samu abin da ya isa. Ɗan zama a tsakar gida da hantsi kyauta ne.

Don haka 'yan'uwa, kafin mu haɗiya, mu karanta adadin da ke jikin kwalba, mu duba lambar NAFDAC, mu kai wa likita ko ƙwararren mai haɗa magani ya gani. Mai ciwon ƙoda kada ya taɓa sai da izinin likita. Mai sha kuma da ya ga waɗancan alamu, ya dakata ya je a auna jininsa. Mu ci gaba da rabon tuwo da tsaraba, amma maganin da aka rubuta wa Hajiya, na Hajiya ne. Allah Ya ƙara mana lafiya.