Yaron Shimfiɗa

Har yau idan na shiga ɗakin taro, kafin in dubi fuskokin manya sai na dubi ƙasa, in ga wa ya share, wa ya jera kujeru, ina aka ajiye ruwa. Hali ne da na taso da shi a Batsari, a hannun kawuna, wanda shimfiɗa da goro suke wuyansa duk ranar da za a yi zama a zauren maigari. Ni ne ɗan aikensa.

Kai yaron nan, me ya sa kake ɗaukar abin da muhimmanci haka? Tun asubar fari ka tashi, hazo bai washe ba, ƙafa duk kaushi, ka yayyafa wa daɓen zaure ruwa har ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya danne warin jemagun da ke cikin azara, ka warware karauni ka kakkaɓe, ka shimfiɗa buzun maigari inda hasken ƙofa ba zai dokar masa ido ba, ka cika randa, ka kifa moɗa a kan faifai, ka jera butocin ƙarfe a gindin bango. Ba wanda zai tambayi sunanka. Amma kana ji a ranka, in ka yi sake zaman ya lalace.

Galibi zaman kaka ne, lokacin da shanu ke fitowa daga dajin Rugu dawa ba ta gama shiga rumbu ba. Maganar ɓarna, maganar burtalin da garma ta ci, maganar mashaya. Arɗo ya zo da mutanensa daga wajen Runka ta ƙasar Safana, wani sa'in har da baƙi daga hayin iyaka ta wajen Madarunfa, su jingine sanduna a waje, su shigo da malfuna a hannu, rigunan saƙinsu na ƙanshin hayaƙi da man shanu. Manoma su zauna ta ɗaya gefen, kowa ya sha kunu.

Kawu yana da wata tsohuwar gafaka, da takarda a ciki wadda yake rubuta lissafi da ajami. Ƙwaryar goro ɗaya, ya kwance ganyen fita a hankali ya kasa, marsa na arɗo da maigari, minu na sauran jama'a. Gero na fura tiya kaza. Nono ba ya cikin lissafi, don ya san matan ruga ba za su bari mazansu su zo hannu rabbana ba. Da sule da sisi yake ƙirga, kuma ko da naira ta shigo a 1973 bai sauya baki ba. Ba ya yarda a sa zama ranar kasuwa ko Juma'a. Ana jajibiri sai ya aza ni a keke in bi kowane ɓangare in ji daga bakinsu cewa suna tafe, saboda zaman da mutum ɗaya bai zo ba goronsa ya tafi a banza. Ya kan ce, "Ɗana, zaman da ya wuce la'asar ya fara cin hatsin gida." Fitilar ƙwai tana rataye a ƙusa, kuma ranar da aka tashi ba a kunna ta ba, ranar kawu yakan koma gida yana fara'a.

Wuri ɗaya ne ban taɓa ganin ya ja hannu ba. Tafinta. Wani tsoho ne siriri, uwarsa Bafulatana, mai wata murya ƙasa-ƙasa da ke sa zaure ya yi tsit. Mutanen arɗo duk suna jin Hausa, na kuwa taɓa tambayar kawu amfanin kawo shi. Ya ce wanda zuciyarsa ke ƙuna a bar shi ya faɗi abin da ke cinsa da harshen da ya sha a nono. Sabuwar tabarma ta tsohon ce, da moɗarsa daban a kusa da gwiwa, da goron da bai gaza na arɗo ba. Shi kuma ba ya ƙari, ba ya ragi. Zagi ne kaɗai yake sa wa riga.

Bayan an ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987 aiki ya kai ni wani ofis mai shirya tarurruka da saukar baƙi, har na fara ƙetare Jibiya da Ɗan Isa zuwa Maraɗi ina rungume da fayil. Najeriya da Nijar suna da hukumar haɗin gwiwa tun 1971, mazauninta a Yamai, kuma a wancan lokaci zirga-zirgar jami'ai tsakanin ƙasashen ba ta yankewa. Can na fara ganin tafintoci a cikin ɗan ɗakin gilashi, biyu-biyu, suna karɓar juna duk bayan kamar rabin awa don kai ba ya jure fiye da haka, kowa da na'ura a kunne, kowace takarda da Ingilishi da Faransanci. A bakin ƙofa kuwa da Hausa ake gaisawa, a tambayi iyali, a yi sahu ɗaya a salla, don Maraɗi ai Katsinawa ne. Amma abin da za a sa wa hannu dole Abuja da Yamai su iya karantawa, kuma wannan kuɗi ne da ba makawa sai an biya. Daga bakin tafintocin na ji cewa Majalisar Ɗinkin Duniya da harsuna shida take aiki, Larabci ya shiga a 1973, zama guda awa uku ne, kuma ladan tafinta yana tafiya ko wakilai sun iso ko ba su iso ba. Na yi shiru ina tuna keken kawu.

A Satumban 2019 na ji a rediyo gwamnonin Katsina da Sakkwato da Zamfara sun zauna da na Maraɗi, Gwamna Aminu Bello Masari na Katsina kuma yana bin ƙananan hukumomin bakin daji, har da Batsari da Safana, yana zaman sulhu. Na yi ta tunanin wa ya kai saƙo, ta wace hanya, da rakiyar motoci nawa, a ƙasar da yaro ke ratsawa shi kaɗai a keke. Sulhun bai ɗore ba, kuma abin yana ci mini rai.

Akwai wani taro a wancan ofishi namu da ba na mantawa. Ranar farko an yi ta jiran manya har hantsi ya ɗaga, janareto na shan mai, tafintoci na zaune, an raba jakunkuna masu tambari, takardun da muka kwana muna bugawa aka bar su ƙarƙashin kujeru. Da yamma aka ce kuɗi ya yi ƙasa, a sallami tafinta ɗaya, na biyun ya ja ragowar kwanakin shi kaɗai. Ni ne ƙarami a ɗakin, ban kuma taɓa magana gaban shugabana ba a tambaye ni ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, a rage liyafar dare, a daina buga abin da ba a karantawa, a fara a kan lokaci, amma a bar mutanen nan su biyu." Muryata tana rawa. Ya dube ni ta saman tabarau, ya jawo takardar lissafin, ya soke liyafar. Washegari ƙarfe tara aka buɗe zama, tafintoci biyu a mazauninsu.