Zoben ganyen Kirsimeti da itatuwan Ibohamane

Kirsimeti ba bikin yawancin mutanen Adar ba ne, amma zoben ganyen da ake ratayawa a ƙofa a lokacinsa ya shigo ajina ta hannun wata abokiyar aiki Kirista, wadda ta gaji da sayen na roba. Hujjarta mai kyau ce: na roba sai ya kwashe ƙurar hunturu, ya koɗe, ya ƙare a juji inda awaki ke kiwo. Nijar ta hana leda da doka tun 2014, amma wanda ya taɓa ganin an fede akuyar da ta ci leda ya san inda dokar ta tsaya.

Ɗan'uwansa ma, zoben kyandir na jiran Kirsimeti, daga hannun malami ya fito. A 1839, a birnin Hambag na Jamus, Johann Hinrich Wichern yana riƙe da gidan yara marasa galihu, suka dame shi da tambayar yaushe Kirsimeti zai zo. Sai ya ɗauki ƙafar keken doki ya jera mata kyandir, ana kunna ɗaya kowace rana. Daga baya aka ƙara ɗanyen ganye.

A nan ne na ja da shawarar da ake yawan bayarwa, wai a fita daji a yanko kore, tunda ba roba ba ne. A Turai wannan ba wani abu ba ne. A nan kuwa, duba tuddan da ke kewaye da mu. Bayan farin 1984 Projet Keita ya fara aiki da kuɗin Italiya da hannun FAO, kuma yawancin waɗanda suka ɗauki dutse a ka, suka haƙa ramuka, suka dasa miliyoyin itatuwa, mata ne, ana biyansu da abinci. Wasu daga cikinsu kakannin ɗalibaina ne. In na tura yara sittin da adda, cikin yini ɗaya sai su yi wa gefen gari aski. Kuma iccen da ya fi kowane kore a watan Disamba shi ne gawo, wanda ke fitar da ganye da rani lokacin da dabba ba ta da komai. Reshensa abincin tumaki ne, ba kayan ado ba.

Sai muka yi doka ɗaya: ba adda, ba wuƙa, abin da ya faɗi ko aka riga aka girbe kawai. Zoben kansa na kaba ne, an jiƙa ta ta kwana, aka murɗa kamar yadda ake fara faifai. 'Yan matan ajin sun fi ni iyawa nesa ba kusa ba, don haka na koma ɗan kallo. Aka soka zangarniyar gero da jar dawa, da 'ya'yan kalgo, da busasshen zoɓo don jan launi. Ganyen dogon yaro kaɗan muka ɗebo daga abin da aka sassabe a harabar makaranta. Shi sai a sa a ranar, domin iskar hunturu ba ta barinsa ya wuce kwana biyu. Tumfafiya kam na hana, saboda ruwanta na cutar da ido.

Wani uba ya zo ya tambaye ni, cikin ladabi: "Malam, addini kake koya musu?" Na nuna masa littattafan yaran, inda kowa ya rubuta sunan iccen da ya kawo, da inda ya same shi, da amfaninsa. Ɗansa ya rubuta bakwai, uban ya ƙara masa uku da yaron bai taɓa ji ba. Zoben ɗaya abokiyar aikina ta kai gida. Sauran muka ajiye don adon ranar raba sakamako, kuma da yake ba waya ko ƙusa a jikinsu, bayan an watse muka zuba wa awakin mai gadi.