"Off" ɗin da ya ci mini albasa

Tun sizyem muke karanta Ingilishi, amma sai a Kumasi na ji zafinsa. Ina ci-rani wurin 'yan albasar Galmi, wani mai saye ya ce mini a waya: "Call off the order." Ni dai "call" na ji, na bugo gida aka loda buhu goma. Ashe nufinsa a fasa! Rabi ta ruɓe, bashi ya hau kaina.

Haka harshen yake: "look for" nema ne, "look after" kulawa, "give up" haƙura. 'Yar kalmar da ke biye ita ke juya magana. Ƙannena masu shirin tafiya, in ba ku gane ba, ku ce a maimaita. Matambayi ba ya ɓata.