Keken Gwaggo

Na san wasunku da ganin kan wannan rubutu za su yi dariya su ce, "Tsohuwa da keke? Girma ya faɗi!" To, 'yar uwa, ki ɗan yi haƙuri ki ji ta bakina tukuna.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin abin hawa ya yi tashin gwauron zabi, kowace mace ta ji a jikinta. Ƙanwar mahaifina, wadda muke kira Gwaggo, ta doshi shekara sittin, mijinta ya rasu, da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take riƙe kanta. Gidanta na bayan gari, kasuwa da nisa, ribar yini sai ta ƙare a hannun mai A Daidaita Sahu. Tafiyar ƙasa kuwa gwiwa ta hana. Rannan sai ta ce da ni, "'Yar nan, lokacin da na je biki Tamale ta ƙasar Gana, na ga sa'o'ina a kan keke da kaya niƙi-niƙi, ba mai ko kallonsu. Ni me zai hana ni? Raka ni in saya."

Da muka isa wajen masu kekuna, mai shago ya turo mana irin dogon baƙin nan na iyayenmu maza, samfurin Raleigh da Phoenix, yana cewa, "Hajiya, wannan har jikoki sai sun gada." Ba ƙarya ya yi ba, ƙarko kam akwai. Amma tayarsa inci 28 ce, nauyinsa ya kusa kilo 20, ga ƙarfe a gicciye daga sirdi zuwa hannu. Yaya dattijuwa mai zane za ta ɗaga ƙafa ta tsallake wannan a bainar jama'a? Muka yi godiya muka wuce.

Ga abin da muka duba, ko zai amfani wata. Na farko, keken mata, wato marar ƙarfen tsakiya, wanda za ki zura ƙafa kamar kina tsallake dokin ƙofa. Na biyu, tsayi. Taya inci 26 ta ishi mace matsakaiciya, gajeriya kuwa 24. Ki sa ta zauna a kan sirdi. In tafin ƙafafunta biyu ba su taka ƙasa sosai ba, a sauke sirdin, in ya ƙi a bar keken. Wannan shi ne uwa uba, don ƙashin mace yakan rage ƙwari bayan ɗaukewar al'ada. Faɗuwar da yarinya za ta tashi ta kakkaɓe, ita kan kwantar da tsohuwa wata da watanni. Ko ba ta karye ba ma, wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, shi ke nan an jingine keke a zaure.

Sai sirdi mai faɗi da taushi, da hannu mai lanƙwasowa wajen mai tuƙi, yadda za ta zauna a miƙe ba ta duƙa ba, saboda baya da wuya. Birki kuma ita za ta matsa da hannunta, ba yaron shago ba. In sai ta cije leɓe kafin ya kama, ba nata ba ne. Kada ki yarda da keken da sarƙarsa take a buɗe, domin bakin zane ko dogon hijabi in ya shiga sarƙa ko wayoyin taya, nan take zai fizgo mutum ƙasa. A sami mai murfi, a sa wando a ciki, a tattare hijabi. Mu dai a ƙarshe wani na hannu ɗan Japan muka samu, mai kwando a gaba da kariya a baya. Akwai wanda ya fi shi sauƙin kuɗi, amma araha ba ta ado.

Wajen koyo ba a riƙe mata sirdi ana gudu a bayanta ba. Mai gyaran keke ya kwance feda biyun, ta dinga tura keken da ƙafa a filin makaranta bayan sallar asuba, har ta iya ɗaga ƙafafu tana tafiya, ta iya matsa birki biyun a hankali, ba na gaba shi kaɗai ba. Sannan aka mayar da feda. Da hannunta ya faɗa, aka ƙara ɗaga sirdin kaɗan, don sirdin da ya yi ƙasa da yawa shi ma yana gajiyar da gwiwa. Wadda take fama da jiri ko hawan jini, ta fara jin ta bakin likita, kuma akwai mai taya uku na manya wanda ba ya buƙatar daidaita jiki.

Surutun mutane fa? An yi. Yara sun bi ta da ihu, wata maƙwabciya har gida ta zo yi mata faɗa. Gwaggo ta ce, "Yaya, ranar da na rasa kuɗin mota ban ga wanda ya turo mini ba." Yau ita ke ɗauko wa matar nan cefane a kwandonta.

Don haka 'yar uwa, in wata babba a gidanku ta furta irin wannan buri, kada ki yi mata dariya, kada kuma ki aiki ɗa namiji ya sayo abin da ya burge shi. Ki kai ta da ƙafarta ta zauna a kai ta gwada, tun da jikinta ne zai hau. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, amin.